Darasi na 9: 'Yan Ubanci a Gidan Uba Ɗaya

Kafin a shiga darasi, mutum biyu daga cikin aji su tashi su karanta da murya. Ɗaya ya ɗauki Farawa sura 37, ɗaya kuma Ayyukan Manzanni sura 6, aya 1 zuwa 7. Wanda karatunsa bai nuna ba tukuna ya bi da yatsa a nasa Littafi Mai Tsarki, ba abin kunya ba ne. A riƙe labaran biyu a zuci, za mu dawo gare su.

Piyanon da ya ƙone

Shekarun baya ina cikin dattawan wata majami'a a bayan garin Abuja, irin unguwannin nan da ma'aikata ke fita tun asuba su kama hanyar cikin gari, ba a sake ganinsu sai dare. Majami'ar sashe biyu ce a ƙarƙashin rufin kwano ɗaya, sashen Turanci da sashen Hausa. An tsara masu Turanci su shiga ƙarfe bakwai, masu Hausa ƙarfe goma. A takarda ke nan. Sujadar Turanci ba ta taɓa tashi a kan lokaci ba. Sai ka ga matan Zumunta tsaye a gindin darbejiya sanye da ankonsu, ga tuluna da caki a ƙasa, ga goyo a baya yana kuka, ana ta leƙen taga ko an kai ga addu'ar rufewa. Kafin mu shiga sha ɗaya ta gota, kwano ya ɗauki zafi, tsofaffi na gyangyaɗi tun ba a fara wa'azi ba.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa daga sashen Turanci ya yi wa majami'a kyautar sabon piyano na lantarki da manyan lasifikoki biyu. Kowa ya yi murna. Amma da an tashi sujadarsu, sai samarinsu su naɗe wayoyi, su kulle kayan a cikin akwatin katako, su tafi da makulli. Dalilinsu shi ne wai yaranmu ba su iya ba, za su lalata. Mu aka bar mu da tsohon makirufo mai ƙugi.

Da lokacin godiyar kaka ya matso, matan sashenmu suka aiko da saƙo cewa baikonsu na bana daban za su ajiye, suna neman fili. Aka kira zaman dattawa. Shugabar Zumunta, wata dattijuwa mai sayar da ƙosai a bakin tasha, ta durƙusa ta gaida mai wa'azinmu, sannan ta ce, "Baba Fasto, mu ba baƙin ciki muke yi da kayan kowa ba. Amma da aka aza harsashin ginin nan, da kawunanmu muka ɗebo ruwa da yashi. Yau mu ne baƙi?" Wani saurayi daga ɗaya sashen ya ce a gaban kowa, kishi ne kawai ke damunsu, in suna so su sayo nasu. Zaman ya watse ba a yi addu'ar kirki ba.

Bayan mako uku wuta ta zo da ƙarfi ana cikin sujadar safe, piyanon ya yi hayaƙi, ya ƙone. Labari ya same ni a gida ina ɗaura takalmi. Bakina ya ce ash, Allah ya kiyaye gaba. Zuciyata kuwa wani sanyi ta ji, kamar an ba ni ruwan randa a tsakar rana. Ban samu ko kwabo ba, sashenmu bai ƙaru da komai ba, majami'armu ce ma ta yi hasara, amma na ji daɗi. Ni dattijon ikkilisiya, mai raba Jibin Ubangiji.

Na kawo wannan labari ne domin abubuwa biyu sun haɗu a cikinsa, kuma sun saba tafiya tare har a kasa bambanta su. Koken matan nan gaskiya ne. Hassadar da ke cikina ita ma gaskiya ce. Mai son ya gyara rarrabuwa a cikin jama'a dole ya koyi raba waɗannan biyun, don maganinsu ba ɗaya ba ne.

Kalmomi uku

Hausa tana da kalmomi da dama a kan wannan ciwo, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Kishi yana da fuska mai kyau. Muna yabon mai kishin ƙasa, muna cewa wane yana da kishin zuci, ba ya zama a ci da shi. Littafin Fitowa ma ya kira Allah mai kishi, wato ba ya yarda a haɗa shi da wani. Kishi irin wannan tsare abin da yake naka ne da gaske. Daga wannan tushe ne kuma aka samu kishiya, inda mutum biyu ke jan abu ɗaya, kowa na ganin rabon ɗan'uwansa daga nasa aka yanka.

Hassada daga Larabci ta shigo mana, ita kuwa ba ta da fuska mai kyau ko ɗaya. Mai hassada burinsa ni'imar ta bar hannun wancan, ko da ba za ta faɗo nasa ba. Ƙyashi ƙanwarta ce: ka ƙi a ba wani abin da kai ba ka ma bukata, ko ka riƙe makullin akwati don kada wasu su ji daɗin abin da ke ciki. A lura, a labarin da na bayar kowane sashe da nasa. Mu muna da hassada, su suna da ƙyashi, kowa kuma na hango na ɗan'uwansa tar.

Ga ma'aunin da nake gwada kaina da shi tun daga ranar. In aka ɗauke abin nan daga hannun wane, ni kuma ba a ba ni komai ba, zan ji sauƙi? In amsar e ce, to ba adalci nake nema ba, ko da bakina adalci yake ta kira.

Gidan Yakubu

Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa Farawa 37, domin ya san 'yan ubanci. Yakubu yana da 'ya'ya maza goma sha biyu daga ɗakuna huɗu: Lai'atu, Rahila, Bilha da Zilfa. Rahila ce mowa, kowa a gidan ya sani, Lai'atu ta fi kowa sani. Yaran sun tashi suna jin zafin iyayensu mata tun ba su san sunan abin ba. Sai uban ya ɗinka wa Yusufu, ɗan mowa, riga ta musamman, ya bar sauran da kayan kiwo.

Mun saba karanta labarin nan a makarantar Lahadi kamar 'yan'uwan ne kaɗai masu laifi. A sake dubawa. Yusufu yana da shekara 17, yana kai wa uba tsegumin yayyensa, ya yi mafarki kuma bai iya riƙe bakinsa ba, har sau biyu. Yakubu shi ma a irin wannan gida ya tashi, inda uba ke son Isuwa, uwa ke son shi, kuma abin ya kai shi gudun hijira na shekara 20. Ya sha wannan ɗaci, ya zo ya dama wa 'ya'yansa irinsa. Wannan bai wanke yayyen ba, waɗanda suka jefa ƙanensu a rijiya suka zauna cin abinci, suka sayar da shi azurfa 20. Amma wanda ya kunna wutar yana gida zaune.

Abin da na fi so ɗalibai su lura da shi yana can gaba, a sura 43 da 44. Bayan sama da shekara 20, Yusufu ya zama mai mulki a Masar, yayyensa sun zo awo ba su gane shi ba. Da ya zaunar da su cin abinci, sai ya sa aka zuba wa Biliyaminu, ɗaya ɗan Rahila, ninki biyar na abin da aka zuba wa kowa. Ya sake ɗinka rigar ke nan, a cikin akushi, yana kallon fuskokinsu. Suka ci suka sha, ba wanda ya ɗaure fuska. Daga nan ya shirya yadda za a kama Biliyaminu da laifin sata, ya buɗe musu ƙofa su tafi su bar shi, kamar yadda suka bar shi Yusufu a dā. Yahuza, wanda shi ne ya kawo shawarar sayar da Yusufu tun farko, shi ya matso ya ce a riƙe shi bawa a maimakon yaron. Uban bai daina fifita ɗan mowa ba har lokacin. Yahuza ne ya canza, ya kai inda zai ga ana son wani fiye da shi, ya tsaya masa duk da haka. A nan ne Yusufu ya kasa daurewa, ya fashe da kuka.

Wani abu kuma: yayyen Yusufu ba su taɓa yi wa Fir'auna hassada ba, duk da dukiyarsa. Hassada ba ta tafiya nesa. Maigadin da ke kwana a Mararaba yana wuce gidajen Maitama da Asokoro kullum, ko a jikinsa. Ranar da ɗan ƙauyensu, wanda suka shigo Abuja a mota ɗaya, ya sayi babur ko ya samu aikin gwamnati, ranar ce barci ke ƙaurace masa. Shi ya sa majami'a ta zama gona mai kyau ga wannan ciyawa. A can ne muke zama kafaɗa da kafaɗa, a sanar da wanda ya bayar da buhun siminti nawa, a tafa wa mawaƙan wani rukuni fiye da na wani.

Garin da kowa baƙo ne, sai masu shi

An kafa Babban Birnin Tarayya da dokar soja a watan Fabrairu na 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, gwamnati kuma ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991. Ɗaya daga cikin hujjojin zaɓen wurin shi ne yana tsakiyar ƙasa, ba a hannun wata babbar ƙabila ba. Har yau kirarin da ke jikin lambar motocin Abuja yana kiran ta cibiyar haɗin kai.

Ga Kiristan Arewa, zuwa Abuja ya kawo wani abu sabo. Turawan mishan na dā sun yi yarjejeniya a tsakaninsu, kowace ƙungiya ta kama yankinta don kada a yi karo. Saboda haka ɗarikar mutum kusan takan nuna garinsu. In ka ji EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aikinta ya faro a Garkida a 1923, ka san kudancin Borno da arewacin Adamawa. LCCN ta Numan ce, COCIN ta Filato, NKST ta Tibi, ECWA kuwa, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga aikin mishan ɗin SIM, ta bazu daga Kagoro zuwa Kaltungo da wurare da yawa, har ƙasar Gbagyi. Angalikan na Hausa kuma a tuna Wusasa. A gida, sau da yawa majami'a ɗaya ce a gari, ba ka da abokin gasa. A Nyanya ko Kubwa ko Lugbe kuwa, sai ka same su duka a layi ɗaya, ga na 'yan kudu, ga sababbin majami'u masu manyan alluna, kowa da lasifikarsa.

Ba na raina amfanin wannan. Baƙon da ya sauka a tasha da jaka ɗaya, majami'ar garinsu ce ke ba shi wurin kwana, ta nema masa aiki, in ya rasu ta haɗa kuɗin mota a kai gawarsa gida. Sai dai majami'ar da ta zama ƙungiyar 'yan gari takan fara ƙirga kanta da ta maƙwabta. Su sun sa tayil, mu ma sai mun sa. Sun sayi bas. Fastonsu ya yi wa'azi a talabijin. Matasanmu uku sun koma can, sai mu fara gano kurakuran koyarwarsu waɗanda ba mu gani ba lokacin da suke cikin rumfar zana.

A cikin wannan lissafi akwai waɗanda aka fi mantawa, su ne masu ƙasar: Gbagyi, Koro, Gade, Gwandara, Bassa da sauransu. Mutanen Wuse na asali an tashe su zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja. Kiristan Gbagyi da ke kallon katafaren ginin sujada a inda kakansa ya yi kunyar doya, in ya buɗe baki ya yi magana, kada wani ya yi saurin ce masa hassada ce.

Gini ɗaya, masu shi da yawa

A shekarar da aka zana Abuja, 1976, a ita aka kafa Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wato CAN. Gwamnatin soja ce ta kira shugabannin majami'u taro a barikin Dodan da ke Legas a watan Agusta. Da aka tashi, sai suka ga bai kamata a ce sai gwamnati ta kira su sannan za su zauna a ɗaki ɗaya ba, suka koma sakatariyar Katolika suka ci gaba da magana. Shugabanta na farko shi ne Kadinal Dominic Ekandem, wanda daga baya ya zama jagoran Katolika na farko a Abuja. Taken ƙungiyar daga Yahaya 17:21 aka ɗauko shi, inda Yesu, a daren da za a bashe shi, ya roƙa wa masu binsa zama ɗaya. Rukuni biyar ne a cikinta: Katolika, Majalisar Kiristoci ta CCN, 'yan Fentikos, majami'un da 'yan Afirka suka kafa da kansu, sai TEKAN da ECWA a haɗe. TEKAN ɗin nan sunan Hausa ne, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, ta faro tun 1955.

Wanda ya bi ta tsakiyar Abuja zai ga Babbar Majami'ar Ƙasa, National Christian Centre, tana kallon Babban Masallacin Ƙasa daga ɗan nesa. An fara ta a ƙarshen shekarun 1980, sai aiki ya tsaya. Shekara da shekaru kangon yana tsaye, ruwa ya dake shi, rana ta dake shi, alhali masallacin ya daɗe da kammala. Rashin kuɗi shi ne dalilin da aka fi faɗa. Amma a cikin waɗannan shekaru ɗin ɗarikoki sun yi ta gina nasu manyan majami'u a cikin birnin, ba su rasa kuɗin wannan ba. A ganina abin da ya faru shi ne abin da ke faruwa da rijiyar unguwa: kowa na sha, ba mai yasa, domin in an gyara ba sunan wani za a kira ba. Sai a 2004 aka sake ɗaura ɗamara, zamanin da Akbishop Peter Akinola na Angalikan ke shugabancin CAN, Cif Olusegun Obasanjo kuma yana shugaban ƙasa. Aka keɓe ginin a ranar 2 ga Oktoba, 2005. Bagadinsa a tsakiya yake, an kuma yi shi yana juyawa a hankali, ta yadda kowane ɓangare na masu zama zai samu lokacin da ake fuskantarsa. Ban taɓa ganin wa'azin da ya fi wannan dacewa da wurin ba.

Kammala gini bai kashe 'yan ubanci ba. Wajen ƙarshen 2012 bishop-bishop na Katolika suka janye jiki daga harkokin CAN a matakin ƙasa, suna ƙorafi a kan yadda ake tafiyar da ita, sai daga baya aka sasanta. Ku dubi jerin shugabanninta kuma: Ekandem da Okogie Katolika, Mbang Metodis, Akinola Angalikan, Onaiyekan Katolika, Oritsejafor Fentikos, Ayokunle Baftis, sai Daniel Okoh da aka zaɓa a 2022 daga rukunin majami'un 'yan Afirka. Daga 1976 zuwa wannan zaɓe, kujerar ba ta faɗo wa TEKAN da ECWA ba ko sau ɗaya, rukunin da mafi yawan masu sujada da Hausa suke ciki. In ɗan wannan rukuni ya yi ƙorafi, koke ne ko hassada? Ba zan amsa muku ba. Ku ajiye tambayar, za ku bukace ta a ƙarshen darasi.

Yadda aka yi a Urushalima

Yanzu mu koma karatu na biyu. Ikkilisiyar farko ita ma sashe biyu ce ta fuskar harshe: Yahudawan gida masu yaren ƙasar, da Yahudawan da suka tashi a waje, masu Helenanci. Ana raba abinci kullum ga gwauraye mata, sai masu Helenanci suka fara gunaguni cewa ana tsallake nasu. Wannan fa bayan Fentikos ne, manzanni suna raye, ana warkar da guragu a ƙofar Haikali. Duk da haka an yi faɗa a kan kwanon tuwo. Wanda yake tsammanin akwai wata ikkilisiya a duniya da ta fi ƙarfin irin wannan, bai karanta littafinsa ba.

A lura da abin da manzanni ba su yi ba. Ba su hau mumbari sun tsawata wa masu gunaguni ba. Ba su ce a yi azumin kwana uku a kan ruhun rarrabuwa ba. Ba su kuma musa cewa abin ya faru ba. Sun tara jama'a, sun yarda aikin ya fi ƙarfinsu, sun ce a zaɓi mutum bakwai masu mutunci a danƙa musu rabon. Ku sake karanta sunayen a aya ta 5, daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya. Dukansu sunayen Helenanci ne. Masana da yawa na ganin wannan alama ce cewa daga ɓangaren masu koken aka ɗebo su. Wato masu rinjaye sun ɗauki makullin rumbu sun miƙa wa waɗanda suka ce an cuce su. Yanzu gwaurayen 'yan gida ne abincinsu ke hannun baƙi. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce, kuma ita ce ta kashe maganar.

Kuskuren da shugabanni suka fi yi, a majami'a da ma cikin gida, shi ne su ɗauki kowane koke a matsayin hassada, saboda hakan ya fi arha. In ka ce wa mutum kishi ke damunsa, ka gama da shi, ba sai ka duba littafin kuɗi ba. Su kuma masu koke, kuskurensu shi ne su ɗauka tunda an cuce su, duk abin da ke zuciyarsu halal ne. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa, waɗanda suka rabu wasu na Bulus, wasu na Afolos, wasu na Kefas, ya ce musu kishi da jayayyar da ke tsakaninsu alamar ƙuruciya ce a cikin bangaskiya. Amma shi ɗin ne kuma, a sura 11 ta wasiƙar, ya yi wa masu hali faɗa don suna cinye abincin tarayya kafin talakawa su iso. Bai bar ko ɗaya ba.

A majami'armu, bayan ƙonewar piyano, an ɗauki wata huɗu ana kai da komo. Abin da aka tsayar ba wani abin mamaki ba ne. Lokacin sujada ya koma karɓa-karɓa, wata uku-uku. Makullin akwati ya koma hannun mai shara, wanda ba ya cikin kwamitin kowa. Aka ɗauki ma'aji daga sashen Hausa, aka kuma ce Lahadin farko na kowane wata sujada ɗaya za a yi da tafinta. Iyali biyu daga sashen Turanci suka bar mu, don ba za su iya sujadar rana ba. Matan Zumunta suka mayar da baikonsu cikin asusu. Sujadar haɗin tana da tsawo, tafintan kan yi tuntuɓe, har yau akwai masu ƙin zuwa ranar.

Wannan duka bai taɓa abin da ke cikina ba. Tsari yana gyara rabo, amma ba ya shiga zuciya. Na daɗe ina kewaye-kewaye, sai wata Asabar na hau acaɓa na tafi shagon ɗan kasuwar nan. Na ce masa, "Ɗana, na zo neman gafara. Ranar da kayanka suka ƙone, na ji daɗi a raina." Ya daina lissafin da yake yi, ya dube ni, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Baba, na ji." Shi ke nan. Wata biyu gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ba, har na fara tunanin da na sani na bar abina tsakanina da Allah. Amma na lura da wani abu: tun daga ranar, in na ji an yabe shi a majami'a, abin nan da yake tsaya mini a maƙogwaro ba ya zuwa. Hassada a ɓoye take ƙiba. Da na kira ta da sunanta a gaban wanda nake yi wa, sai ta rasa wurin kwana.

Akwai wani ɗan labari a Littafin Ƙidaya sura 11 da nakan koma gare shi. Mutum biyu, Eldad da Medad, suna annabci a cikin zango, ba su fita wurin taron dattawa ba. Da aka kawo wa Musa labari, Joshuwa ya ce a hana su. Don maigidansa yake kishin, ba don kansa ba, kuma irin wannan ya fi wuyar ganewa, domin kama yake da biyayya. Musa ya ƙi, ya nuna shi fatansa ma abin ya game kowa. Yawancin rigimar ɗarika da ɗarika a garin nan 'yan Joshuwa ne ke hura ta, masu kishin fastonsu fiye da yadda shi yake kishin kansa.

Aiki

A rabu uku-uku, kada 'yan majami'a ɗaya ko 'yan gari ɗaya su haɗu a rukuni. Kowane rukuni ya ɗauki tambayar kujerar CAN da muka ajiye, ya gwada ta da ma'aunin da aka bayar a sashen kalmomi, sannan mutum ɗaya ya tashi ya faɗa wa aji inda suka tsaya da inda suka saɓa. Bayan haka a tattauna karin maganar nan da ke cewa hassada ga mai rabo taki ce: wa take ta'azantarwa, kuma akwai lokacin da mai ƙyashi kan fake da ita don ya toshe bakin mai koke?

Aikin gida kashi biyu ne. Na farko, kowa ya rubuta jimla biyar a kan wani makulli da ke hannunsa, a gida ko a wurin aiki ko a majami'a, da wanda yake tsaye a waje yana jira. Wannan za a karanta a aji mako mai zuwa, malami zai duba rubutun ƙ, ɗ da ɓ. Na biyu, ka rubuta sunan mutum ɗaya wanda in an yabe shi ba ka jin daɗi. Wannan takarda ba ta malami ba ce, kada a kawo ta aji. A ninke ta a sa a cikin Littafi Mai Tsarki, a Farawa sura 44.